Tsohuwar da Ke Koya Mini Harshen Uwata

Toyama, 4 ga Mayu

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Yaya gwiwar taki? Har yanzu tana riga rediyo sanar da ruwan sama?

Mama, na jawo wa kaina. Ranar da na tare a gidan hayan nan, wata tsohuwa maƙwabciyata, Tsuruta, ta kawo jadawalin sharar unguwa. Tana ganin baƙar fatar da na gado wajen Baba ta fara magana dalla-dalla tana nuna tsintsiya, kamar mai lallashin jariri. Ni ɗan Bajapaniya da kika haifa a tsakiyar Osaka sai tsokana ta motsa, na karkata kai na ce Japananci kaɗan-kaɗan. Shara kawai nake gudu.

Sharar ban tsira daga gare ta ba, ga makaranta an ƙara mini. Kullum da yamma sai ta zo da littafin jikokinta, ta nuna hoton kare, in maimaita. Wata uku ina cewa kare! In na riƙe tsinken cin abinci ta tafa mini. Malamin allon da Baba ya kai ni wurinsa a can garinsu Omdurman, duk da bulalarsa, bai gasa ni haka ba.

Sai dai tun rasuwar mijinta ba mai zama ya saurare ta sai ni. Da wane baki zan faɗa mata?

Ɗanki,
Idris

Toyama, 19 ga Mayu

Mamana,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinki, na ga amsarki. Dariyar ta isa haka.

Abin ya girma. Ta sa sunana a gasar jawabin Japananci ta baƙi, ranar Lahadi, ta gayyaci duk unguwa su zo su ga ɗalibinta. In na je, na cuci baƙin gaskiya. In asiri ya tonu a can, ita za a yi wa dariya, kuma ba za ta sake buɗe mini ƙofa ba.

Shi ya sa jiya na durƙusa, goshi a ƙasa, na zazzage mata komai da bakinmu na Osaka: asibitin da aka haife ni, sunanki, sunan kakana Kuwahara. Sai hawaye ya zubo mata. Na ce shi ke nan, na rasa ta. Sai ta kama hannuna ta ce, "Wata uku kacal, yaron nan! Amma ka rage kallon talabijin, 'yan Osaka suna ɓata maka baki."

Na nuna mata fasfona na ƙasar nan. Ta taya ni murna wai gwamnati ta karɓe ni da wuri.

Mama, don Allah ki hau jirgin ƙasa ranar Asabar. Fuskarki ce hujjar da ta rage mini. Na gaya mata kina tafe, ta ce madalla, kada ki ji kunya, akwai sauran gurbi a ajin masu farawa.

Ki gaida Baba, ki ce masa duk shi ya ja.

Ɗanki da ya gaji,
Idris