Ku Bar Malam Bukar a Madabo

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin da ke raba ma'aikata zuwa jihohinsu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ban girma, ina kuma yi maka sannu da wannan aiki mai nauyi da ya faɗo maka ƙasa tana cikin yaƙi. Ni akawu ne a wani asibiti a nan Kano, gidanmu yana Yakasai. Na rubuto maka sau biyu, na zo ofishinka sau uku, ban samu ganinka ba. Shi ya sa na kawo maganar jarida, ko da yake idan an karanta ta ba wanda zai ji kunya kamar ni.

Na ɗaya. Da aka raba Arewa jiha shida, an aiko mana takardu a cike wa kowane ma'aikaci, a faɗi asalinsa. Malam Bukar, mai ba da magani a asibitinmu, yana ƙasar Gumel wajen rigakafin agana, sai aka ce in cike masa. Ni jinin Fulani ne, shi kuwa kakan kakansa daga Barno ya zo, ka kuma san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Tun muna makarantar Midil nake ce masa bawana, yana ce mini bawansa. A gurbin asali na rubuta Barno. Na zaci zai dawo ya gani, ya zage ni, mu yi dariya, in sake masa wata. Kwana biyu kafin ya dawo aka zo aka kwashe takardun.

Na biyu. Ina da al'adar rubuta abin da ya faru kowace rana, na kuwa koma na duba. Ranar da na cike takardar na rubuta, "Yau na kora bawana gida." Ranar da aka kwashe na rubuta, "A tuna a gyara ta Bukar." Na maimaita wannan layi sau huɗu cikin wata biyu, ban gyara ba. Na sha gaya wa kaina mantuwa ce. Amma wanda ya rubuta abu sau huɗu bai manta ba. Tsoro na ji in tsaya gaban shugabana in ce na yi wasa da takardar gwamnati.

Na uku. Yanzu an umarce shi ya kama aiki a Maiduguri ƙarshen watan nan, ko ya rasa aikin. Mutumin nan bai taɓa wuce Haɗeja ba, ba ya jin Barbarci sai gaisuwa. Mahaifiyarsa, Iya Falmata, ta makance, kuma shi kaɗai ya rage mata. Da na je zaurensu a Madabo na faɗa masa gaskiya, bai zage ni ba. Cewa ya yi, "To, Malam Isiyaku, an gama wasan?" Shekara talatin muna tare bai taɓa ce mini Malam ba. Iya kuwa da ta ji muryata sai ta sa aka damo fura, wai a ba ɗan Fulanin nan kada iska ta ɗauke shi. Har yau ba ta san ni ne ba.

Na huɗu. Kuskuren nawa ne, amma ƙin gyarawa naku ne. Akawun ofishinka ya ce mini an rufe jerin sunaye, ya ƙara da cewa ai sunan ma ya nuna. Ranka ya daɗe, idan da suna ko da kaka za a auna Bakano, wa zai rage a cikin ganuwa? Jihar nan faɗi gare ta, daga duwatsun Riruwai a kudu har yashin kan iyaka a arewa, daga Kazaure har fadamar Haɗeja. Ba teku gare ta ba. Abin da ya girmar da ita hanyoyi ne da suka haɗu a Kurmi, da baƙon da ya sauke kaya ya ga wurin zama. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi, ga Agadasawa, sunayen unguwanninmu kawai sun isa shaida. Mu ma Fulani zuwa muka yi. Shekara biyu da suka wuce na tsaya a tasha ina kallo jirgin ƙasa ya kwashe mutanen Sabon Gari, har da wanda ya koya mini bugun tafireta, ban ce uffan ba. Wancan karon ba hannuna. Wannan kuwa alƙalamina ne.

Saboda haka ina roƙo a karɓi shaidar mai unguwa da limamin masallacinsu cewa shi Bakano ne, tana hannuna, a mayar da sunansa cikin ma'aikatan jihar Kano kafin wata ya ƙare. Duk hukuncin da ya dace da akawun da ya ɓata takarda a yi mini, ba zan ɗaukaka ƙara ba. Idan kuma dole sai an cike gurbin can, ni ma ban san kowa a Maiduguri ba, amma tawa uwar ta rasu. A tura ni.

Allah ya yi maka jagora, ya kawo ƙarshen yaƙin nan, ya tsare ka daga sa hannu a kan kuskuren wani.

Wassalam.

Isiyaku akawu, Yakasai, Kano.