Launin Singiletin Alhamis

Alhamis, 2 ga Mayu

Kore. Yau ma kore.

Na shanya singiletin a bayan ƙofar banɗaki kamar kayan sata, alhali ni kaɗai na san abin da launin yake nufi a gidan nan. Ranar Alhamis Koci yake raba 'yan ƙwallon gida biyu a tirenin. Waɗanda za su fara wasan Asabar su ɗora jar 'yar shara a kan rigarsu, 'yan benci su ɗora koriya. 'Yan sharar nan rininsu zuba yake, da gumi ya jiƙa su sai ya ratsa riga ya kama farin singiletin da mijina Kyaftin yake sawa a ciki. Shekara da shekaru ja nake dirzawa a wuya da hammata, ina tsaki wai an ɓata min farin kaya. Ashe alheri nake yi wa tsaki.

Shi kuwa sai fara'a. Ya shigo da ledar ayaba yana ta tsokanar yara, har da ɗaga Auta sama. Mijina na sani, ranar da ya cika fara'a haka, to an taɓa shi ne.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ni da Baba, mahaifin Kyaftin, mun jera marafan kwalba a kan faranti, kamar kowace Juma'a tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya dawo wurinmu. Da hannunsa mai lafiya yake turawa. Shi har gobe huɗu a baya, huɗu a tsakiya, ɗansa a bayan mai cin ƙwallo yana rabon fasin kamar mai rabon gado.

Na ce, Baba, wannan Kocin uku yake sawa a baya. Biyu a gefe suna hawa suna sauka, biyu a tsakiya masu gudu kamar an biyo su, uku a gaba. Ina gurbin mai lamba goma da zai taka ƙwallo ya tsaya yana tunani?

Ya daɗe kafin maganar ta fito, harshen har yanzu da nauyi. Ya ce, "Wannan ba ƙwallo ba ce, 'yata. Tsere ne."

Na bar masa murfin Kyaftin a tsakiya. Me zai ragu a jikina.

Asabar, 4 ga Mayu

An sako shi ana dab da tashi. Bai taɓa ƙwallo sau uku ba. Baba ya ce talabijin ɗin ce ba ta nuna shi.

Litinin, 6 ga Mayu

To fa. Ina ba Baba magani ya riƙe min gefen mayafi, abin da bai taɓa yi ba. Wai ya ji a rediyo wasan sha takwas ga wata shi ne na ƙarshe a kakar nan, kuma a gida za a yi. Ya ji har da zancen da ake yi cewa kwantiragin Kyaftin ba za a sabunta ba.

"Ki kai ni. In ga ya fito da su yana gaba, da ƙyallen kyaftin ɗin nan a hannunsa. Sau ɗaya."

Mutumin da tun da ya kwanta bai sauka benen nan ba sai zuwa asibiti, shi ma sai maza biyu sun ɗauke shi da kujerarsa, ya kwana biyu yana nishi. Likita ya ce hayaniya da rana ba nasa ba ne. Amma shi ne ya riƙa goya Kyaftin a bayan keke yana kai shi fili tun ƙafarsa ba ta kai feda ba. Da wane bakin zan ce a'a?

Na ce in sha Allahu. Na fita na tsaya a kicin ina kallon tukunya.

Talata, 7 ga Mayu

Na gaya wa Kyaftin yana shafa man zafi a gwiwa. Bai ɗago ba.

"In ba ni zan fara ba, kada ki kawo shi. Bai taɓa ganina a zaune ba."

Na ce to ya zan yi in sani? Ya san sarai tun Juma'a ake kulle su a otal, a karɓe wayoyi, Koci ba ya karanta sunaye sai safiyar wasa. Ya ce, "Ke da kike jera marafai?" Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Wato an ɗora min. In na kai Baba ɗansa yana benci, na kunyata su su biyu. In na bar shi a gida kuma Kyaftin ya fito da su yana gaba, wannan ba abin da zan iya biya ba ne har in mutu. Ni da na auri ɗan ƙwallo ban san ofsayi ba!

Alhamis, 9 ga Mayu

JA! Ja jawur, har gadon baya.

Na san dalili. Yaron nan da suke kira Walƙiya, wanda ya karɓe gurbin, katin gargaɗi ya taru masa, ba zai buga wasan jibi ba. Na sani, amma na ƙi in sani. Na yi ta waƙa a wurin wanki.

Matar gola ta zo aron abin markaɗe, ta ga bakina har kunne, ta matsa, na gaya mata sirrin singiletin. Ta yi ta salati tana tafa hannu, wai ita baƙi take saya wa nata shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Tana fita na ciji yatsa. Matar nan ko tari ta yi sai mijinta ya ji.

Asabar, 11 ga Mayu

Wasan waje, a talabijin. Ya fara, ɗaya daga biyun tsakiya.

Fasin da ya bayar aka ci ta farko, wallahi ko makaho ya ji daɗinsa. Bai ko kalli wurin ba, ya zura ta tsakanin mutum biyu. Baba ya buga hannun kujera yana cewa "Kin gani? Kin gani?" hawaye na bin gefen da ba ya motsi.

Na gani. Amma na ga abin da Baba bai gani ba. Bayan an dawo hutun rabin lokaci na ga ya dafa gwiwoyi sau biyu. Ƙwallon da aka farke ta bayansa aka bi, ɗan wasansu ya wuce shi yana kallo, ya juya zai bi, ƙafar ta ce ba da ni ba. Aka nuna fuskar Koci yana rubutu a tafin hannunsa da yatsa. Ɗaya da ɗaya aka tashi.

Yaushe na fara kallon wurin da ƙwallo ba ta? Da can shi kaɗai nake bi da ido, in ya faɗi in rufe fuska.

Talata, 14 ga Mayu

Tun safe nake jerawa a kaina, har na ƙona miya.

Gola ba magana. Ukun baya: Dogo da Baƙo tabbas. Na ukun, wanda ya ji ciwo a cinya, matar gola ta ce ya dawo gudu amma ba ya juyawa da kyau, don haka tsohon nan mai sanƙo ne zai tsaya. Gefen dama ba canji. Gefen hagu nake shakka, 'yan wasan da za su zo ɗan gefensu iska ne, Koci zai sa mai tsaro ba mai hawa ba. Gaba uku yadda suke.

Saura tsakiya. Gurbi biyu, mutum uku.

Abin da yake ba ni fata: wasan ƙarshe ne, kyaftin ne, ya ba ƙungiyar nan ƙuruciyarsa da gwiwarsa, 'yan kallo za su so a karrama shi. Abin da yake kashe min jiki: da kunnen dokin nan da aka yi, dole sai sun ci kafin su samu gurbin gasar nahiya. Kocin da aikinsa ke lilo ba ya san kara. Kuma Walƙiya ya huta mako guda, yana nan kamar ɗan akuyar da aka kwance.

Ba na son yaron. Bai yi min komai ba, har durƙusawa yake in ya gan ni. Ba na son sa ne kawai.

Bari dai Alhamis ta zo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na buɗe jaka na tarar da singiletin a cikin leda, jiƙe, yana ƙamshin sabulun wanka. Fari tas.

Ya wanke. Mutumin da tun da na aure shi ko hankici bai taɓa ɗaurayewa ba! Matar gola, Allah ya shirye ki.

Da farko raina ya ɓaci, na ce wato ni za a rufe wa littafi ranar jarrabawa. Na juya shi ciki waje a bakin taga. A cikin ɗinkin hammata, can inda yatsan namiji ba ya kai wa, ga shi nan siriri. Ban ma buƙaci ganinsa ba. Wa ke wanke ja?

Abin da ya tsaya min ba launin ba ne. Shi ya ce kada in kawo Baba in ba zai fara ba. Da da gaske yake, da sai ya bar min koren yadda yake, ko ya buɗe baki ya ce min. Sai ya tsaya a famfon filin tirenin, ƙato da shi, yana dirzar singileti don kada in sami dalilin barin ubansa a gida. Bakinsa ya ce kada a zo. Ban san ko shi kansa ya san abin da hannunsa ya ce ba.

Ya dawo daga masallaci ya ce, "An ga wani abu?" Na ce an ga ka iya wanki, daga yau ka huta da ni. Ya yi murmushi ya shige.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ya tafi otal da safe. Ya daɗe a ɗakin Baba, ban ji me suka ce ba.

Da muka zauna da faranti na ce Baba yau ni zan jera. Na jera uku, huɗu, uku, ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Na zo tsakiya. Na sa Walƙiya da abokinsa. Murfin Kyaftin na ajiye shi a kan tabarma.

Na ce, Baba, ba zai fara ba. Wataƙila ma ba za a sako shi ba. Na ce ka yafe min, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ya kalli farantin har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

"To ranar ce ya fi buƙatar a je. Yana cin ƙwallo kowa ubansa ne."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ya ce in daina, in je in goge masa babbar rigarsa.

Asabar, 18 ga Mayu

Maƙwabta biyu suka sauko da shi. A fili an ba mu wuri mai kyau a inuwa, Baba ya ƙi, ya ce a tura shi bakin ƙarfen da ke bayan benci, inda ba a ganin komai sai ƙeyar mutane.

Aka fara kiran sunaye a lasifika, ina lanƙwasa yatsu a cikin mayafi. Gola. Dogo. Baƙo. Mai sanƙo. Gefen hagu, mai tsaron da na ce! Walƙiya. Har ƙarshe. Sha ɗaya cif, ban kuskure ko ɗaya ba, abin da masu sharhin rediyo ba su yi ba duk kakar nan.

A nan kaɗai zan faɗa. Na ji daɗi. Wani daɗi ya taso min tun daga ciki har na kusa yin guɗa, kafin in tuna abin da cin nawa yake nufi. Sai ga su sun fito, gola a gaba da ƙyallen a hannunsa, mijina a baya cikin rigar sanyi yana ɗauke da gorar ruwa. Allah ka yafe min.

Ya zo zai zauna ya gan mu. Ya tsaya cak. Na ce yau na shiga uku. Sai ya tako har bakin ƙarfen, a gaban dubban mutane, ya durƙusa ya ce, "Baba, an zo lafiya?" Baba ya zura hannun ta tsakanin ƙarfe ya dafa kansa. Ni ko kallona bai yi ba, kuma na gode da hakan.

Namu suka ci ɗaya da nema. Walƙiya ne ya ƙwato ƙwallon da aka ci, daga wurin da ba mai gwiwa irin ta Kyaftin da zai kai. Ba a sako Kyaftin ba, Koci ya ƙara ɗan baya ne ya rufe gida. Shi kuma bai zauna ba, yana tsaye yana yi wa yaron ihu yana nuna masa inda zai tsaya. Baba bai kalli wasan ba sam. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Yana gani kafin su gani."

Talata, 21 ga Mayu

Baba ya kwana biyu yana barci, jikin ya yi tsami amma ba abin tsoro. Likita ya yi faɗa, Baba ya ce masa, "Na je na ga ɗana," ya juya masa baya.

An kira Kyaftin ofis jiya. Abin da aka sani ne, ba za a sabunta kwantiragin ba. Ya dawo ba ayaba, ba tsokana, ya zauna a ƙofar kicin ina yanka albasa. Can ya ce, "Kaka mai zuwa wa za ki sa a tsakiya?"

Na ce Walƙiya, amma a nemo masa mai natsuwa a gefensa, don yaron ba ya waiwaye. Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa. Ya ce, "Ni ma haka na gani." Ya miƙo hannu na ba shi wuƙa ya ƙarasa albasar, ya yanka ta manya-manya.

Matar gola ta dawo da abin markaɗe. Wai sai farkon Yuli za su koma tirenin. Ban san me ya sa na tambaye ta ba.