Sunan da Na Ba Duƙusa

Asabar, 6 ga Mayu, 2023

Haihuwa biyu a rana ɗaya! Don murna rubutun ma ya karkace kamar lokacin da muke koyo a makarantar dare ta manya.

Bayan sallar asuba na leƙa barga na tarar goɗiyata Shamuwa ta sauka. Duƙusa ce, mace, ja kamar ubanta, da ɗigon fari guda a tsakiyar goshi. Kafin rana ta fito ta miƙe a kan dogayen ƙafafun nan. Maƙwabcina Sule, mai sanarwa a filin sukuwa, ya shigo ya ce, "Baba Kyari, wa sunanta?" Na dubi farin goshin na ce, "Zara." Haka kawai ya fito.

Ban gama wanke hannu ba ɗana Adam ya kira daga matarnite, asibitin haihuwa. Matarsa Sa'a ta haihu, mace, lafiya lau. Jikata ta fari! Da takalmin barga na tafi. Da aka ɗora mini ita a hannu na ce wa ungozoma, "Ku matsa, amaryata ta iso." Duk ɗakin aka yi dariya. Na raba goro har ga mai gadi.

Lahadi, 7 ga Mayu

Na je filin sukuwa don a yi mini barka, ba sai na ɓoye wa takarda ba.

Kafin tseren ƙarshe Sule ya ɗauki lasifika ya yi ta zuba kirari. Shamuwa jinin dawakin Turawa ta wajen uba, 'yar Sudan ta wajen uwa. Shamuwa da ta cinye Damagaram shekara uku a jere, ta cinye Maraɗi, ta je Yamai ta dawo da kofi, bulala ba ta taɓa taɓa jikinta ba. Sannan ya ce, "Jiya ta haifi Zara, 'yar ingarman Alhaji Mai Nasara na Dogo!" Fili ya ɗauki tafi. Na miƙe ina ɗaga hula kamar ni na haihu.

Da la'asar Adam ya same ni a zaure. Bai zauna ba.

"Baba, me na ji an faɗa a lasifika?"

Na ce sunan duƙusa.

Ya ce, "Sunan Inna ne, Baba. Shi na yi niyyar sa wa yarinyar ranar Asabar."

Shi ko sunan bai iya furtawa ba, don na mahaifiyarsa ne. Ni kuwa na sa an yi shelarsa a kan dabba, a gaban rabin gari, shekara biyu kacal da rasuwarta.

Litinin, 8 ga Mayu

Ban fita ba, sai masallaci.

Talata, 9 ga Mayu

Na je unguwar Birni, gidan su Sa'a, inda take wankan jego. Uwarta Hajiya Kaltuma ce ta fito, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Gaisuwa cikakkiya, ba ta rage komai ba. Sai ta ce, "Malam Kyari, yaya mai jego? Ta barga nake tambaya."

Na ce, "Hajiya, tauraruwa nake nufi. Akwai fari a goshinta."

"To, madalla. Yaran lakwal za su tsaya su ji wannan bayanin? In yarinya ta shiga aji aka kira sunanta, wani ya yi haniniya daga baya, kai za ka je ka ce musu tauraruwa ce?"

Ta ce matan barka tun jiya suke tambayar ko takwarar goɗiya ta tashi daga barci. Da wasa suke, amma Sa'a ta yi kuka. Sun yi shawara za a sa wa yarinyar Kulu, sunan gwaggon Sa'a.

Na ce ko zan ga jaririyar. Aka ce tana barci.

Laraba, 10 ga Mayu

Ƙarya na yi wa Hajiya. Ko in ce rabin ƙarya.

Tauraruwar na gani, gaskiya ne. Amma da bakina ya buɗe, matata nake kira. Shekara arba'in muna tare ban taɓa faɗin sunanta da ƙarfi ba. "Ke," ko "uwar yara." Haka muka ga iyayenmu na yi. Ita ke jiƙa wa Shamuwa dusa da kanwa. Ranar da jijiyar ƙafar goɗiyar ta tsinke a Maraɗi, aka dawo da ita tana ɗingishi, kowa ya ce in rabu da ita, uwar yara ce ta yi ta gasa ƙafar da ruwan ɗumi har ta taka. Ita ta ce, "In ba ta gudu, ai za ta haihu." Ba ta ga haihuwar ba. Ina jin shi ya sa.

Amma wa zan faɗa wa wannan? Adam?

Na ce wa Sule ya gaya wa mutane an sake suna, Tauraruwa ce yanzu. Ya ce to. Ba a jima ba na ji shi da kansa a ƙofar gida yana ce wa wani, "Shiga ka ga Zara, ƙafa kamar barewa." Mai harawa da ya kawo kaya ma haka ya ce. Mai shayin bakin titi haka. Sunan ya kama. Muddin tana ɗaure a unguwar nan, ba wanda zai kira ta da wani.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na daɗe a barga yau. Sau biyu na kai Shamuwa garin Dogo barbara ba ta ɗauka ba, sai a na uku. Ta manyanta, likitan dabbobi ya ce da wuya ta sake. Wannan duƙusar ita ce duk abin da ya rage na wancan gudun. Ƙirjinta faɗi, gwiwa a miƙe. Na riga na gan ta a raina tana shan kwanar ƙarshe a filinmu, ni kuma a tsaye da sandata.

Na kira Mai Nasara na ce ya turo kamiyo, babbar motarsa, gobe ya kwashe su, uwa da 'ya, tunda ba a raba su yanzu.

"Kyari, rana ce ta buge ka?"

Na ce kyauta ce.

"Kyauta! Kai da ko kashin dokinka ba ka bari a kwasa wa gona sai an yi maka godiya sau uku?"

Na ce sharaɗi biyu ne. Ya sa mata wani suna, kuma kada ta taɓa taka filinmu na Damagaram. Sannan ya ce, "Na ji labarin. Ban zaci za ka kai nan ba." Bai ƙara tsokana ba, wannan ya fi mini ciwo.

Ba wanda ya ce in yi. Ba wanda ya yi mini alkawarin komai. Wataƙila Kulu ɗin dai za a sa wa yarinyar.

Juma'a, 12 ga Mayu

Sun tafi bayan an sauko masallaci. Shamuwa ta ƙi hawa, mutum huɗu suka yi ta ja. Sai da na kama linzamin da kaina na hau gaba, ta biyo ni kamar kullum. Da ta sani.

Adam ya fito, ya cire rigarsa ta Juma'a, ya yi ta shimfiɗa ciyawa a cikin motar don kada ƙaramar ta zame. Da motar ta sha kwana ya ce, "Baba, ka ci abinci?" Na ce na ci.

Asabar, 13 ga Mayu

Suna, a ƙofar gidan su Sa'a. Na zauna can gefe, bayan mutane. Aka raba goro da dabino. Adam ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne. Ban ɗaga kai ba.

Liman ya ce, "Sunan yarinya Zara."

Ban san lokacin da na rufe fuska da hannun riga ba. Aka shafa fatiha ban shafa tare da mutane ba, sai daga baya ni kaɗai.

Sule ya miƙe da muryar nan tasa, "Zara! Zara 'yar Sha..." Na harare shi. Ya haɗiye sauran, ya ce, "'Yar Sa'a! 'Yar Adam!" Wasu suka ƙyalƙyale. Na so ƙasa ta tsage.

Daga baya Hajiya Kaltuma ta aiko aka shiga da ni. Ta ce Sa'a ce da kanta ta ce a bar sunan, jiya da labarin kamiyo ya iso. "Amma Yagana za mu riƙa kiranta, yadda mu Barebari muke yi wa mai sunan kaka, ƙaramar uwa ke nan. Babanta ma ya samu abin kira." Ta miƙo mini ita. "Riƙe da kyau, Malam. Wannan ba ta miƙewa ranar da aka haife ta."

Na karɓa. Na cancanci wannan ma.

Lahadi, 28 ga Mayu

Da asuba na jiƙa dusa kafin in tuna. Na ba awakin maƙwabta.

Ana jin lasifikar fili daga nan in iska ta juyo. Ban je ba.

Lahadi, 18 ga Yuni

An yi ruwa jiya. Sa'a ta gama arba'in ta dawo gida ranar Alhamis. Ta ɗaura igiyar shanya daga turken Shamuwa zuwa bishiyar darbejiya, ta zo tana ba ni haƙuri. Na ce ta bar shi, turke ne mai ƙarfi.

Mai Nasara ya kira. Wai duƙusar tana zagaye garkensa da gudu, uwar ma sai ta yi da gaske take kamo ta. Ya yi ta magana. Sai ya ce, "Kai, ba ka ma tambayi sunan da na sa mata ba." Daidai nan yarinyar ta fara kuka a kafaɗata, na ce zan kira shi.

Bargar ta fi ko'ina sanyi da rana, can na kai ta. Ba kowa a wurin. Duk gidan Yagana suke cewa. Na duba ƙofa, sannan na ce, "Zara." Da ƙarfi, yadda ake kiran mutum. Ta yi shiru ta buɗe ido.

Na sake faɗa.

Mai Nasara kuwa gobe na kira shi. Ko jibi.