Abin da Na Ɓoye a Bayan Farashin Shanu

Gumel, 4 ga Oktoba, 1999

Ƙawata Charity,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da Yaya George. Yaya sanyin Jos? Mu nan an shiga yankan gero, kowa lafiya lau sai ni, kuma nawa ba ciwon da ake kaiwa asibiti ba ne.

Charity, na shiga uku. Don Allah ki karanta wannan ke kaɗai.

Kin san aikin da Yaya George ya samo mini a ofishin ƙungiyar makiyaya kafin ya gama bautar ƙasa. Duk Alhamis abokin aikina Abdurra'uf yakan zagaya kara a Maigatari ya rubuto farashin shanu da raƙuma da tumaki. Ni kuma in buga a kwamfuta, cikin fayil ɗin da yayanki ya tsara da yaren kwamfutar nan da ake kira PHP, kowane mako da fayil ɗinsa. Sai in zuba a diskit, ɗan faifan nan na kwamfuta, Abdurra'uf ya kai Kano, wani kamfani ya ɗora a kan babbar kwamfutarsu da suke ce wa saba, don duk mai intanet ya gani.

To Yaya George ya taɓa nuna mini cewa duk abin da na rubuta tsakanin wasu alamomi na sanda da tauraro, saba haɗiye shi take yi, ba abin da ke fita sai farashi. Shi nufinsa in riƙa ajiye wa kaina tuni. Ni kuwa kin san Inna, ba ta barin ko fallen takarda a ƙarƙashin katifata tun da ta kama ni da littattafan soyayyar nan. Sai na soma rubuta nawa labarin a wurin, babi guda duk mako. Charity, ko sunaye ban canza ba. Yarinyar Kyauta ce, saurayin Abdurra'uf, har da wushiryarsa da yadda yake karkata hula.

Jiya Madam Juliana, shugabar ofis, ta samu layin waya ya shiga, ta buɗe shafinmu na intanet. Ba farashi a jere kamar da, sai tarkacen alamomi, ga babina na makon jiya kwance a tsakiya tsirara. Allah ya rufa asiri ba ta sa gilashinta ba, kuma layin ya yanke. Ta ce mutanen Kano sun canza saba ne.

A ƙarshen watan nan za a yi taron buɗe shafin. An gayyaci dillalan kara, har da Baba, kuma an sa wanda zai karanta da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi boko ba. Kin san Baba. Idan ya ji wannan a gaban abokan sana'arsa, na bar aiki, na bar makaranta, kuma ban san da wane ido zan ƙara duban kowa a Gumel ba.

Ki tambayar mini Yaya George yadda ake gyarawa. Kada ki faɗa masa dalili, na roƙe ki.

Taki har kullum,
Kyauta

Gumel, 17 ga Oktoba, 1999

Charity tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Takardarki ta iso ta hannun direban nan na tasha, Allah ya saka miki. Na ga inda kika ce kin yi dariya har da hawaye kafin tausayina ya kama ki. Na yafe miki.

Bayanin Yaya George na karanta shi har na haddace. Ya ce sabuwar sabar ba a gaya mata abin da za ta yi da fayil irin namu mai suna da ke ƙarewa da php3 ba, shi ya sa take miƙa shi ɗanye kamar yadda na buga. Sai an haɗa mata PHP, a ƙara rubutu layi guda a fayil ɗin saitinta, a kashe ta a kunna. Wai aikin da bai kai shan shayi ba. Layi guda, Charity! Mutuncina duka a kan layi guda, kuma yana Kano.

Madam ta buga wa Ilu waya, mai kula da sabar a Kano. Ya ce ai shafi yana buɗewa, a yi haƙuri, za su duba. Tun daga ranar wayar ofis ta mutu murus. Na yi tunanin in aika diskit mai tsabta, amma na makonnin baya duk suna can, kuma ba zan ce a goge su ba sai na faɗi dalili. Na yi tunanin in ƙirƙiri zazzaɓi in gudu wurin Goggo a Sule Tankarkar. To in na gudu, shafin ai ba zai bi ni ba.

Abinci ba ya shiga. Inna har ta jiƙa mini sabara. Jiya Baba ya aika a wanke masa babbar rigarsa ta zuwa taro, ina jin ana buga ta a gidan mai wanki kamar a ƙirjina ake bugawa.

Mutum ɗaya ne zai iya kai takardar yayanki Kano ya tsaya a kai. Kin san ko waye. Ni da ban taɓa ce masa komai ba bayan sannu da zuwa, shi ɗin ma kaina a ƙasa nake faɗa. A labarin ina iya yi masa magana shafi guda ba numfashi. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Kyauta

Gumel, 2 ga Nuwamba, 1999

Ƙawata Charity,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ki yi wa Yaya George godiya, ki ce abin ya gyaru.

Na tare Abdurra'uf a gindin darbejiyar ofis yana ɗaure kaya a babur. Na miƙa masa takardar, na ce akwai abin da na rubuta da bai kamata a gani ba. Bai dube ni ba. Ya ce ya sani.

Charity, ashe tun da aka canza sabar Ilu da abokan aikinsa ke karantawa. Har bugawa suke yi a takarda suna zagayawa da ita, in ya shigo da diskit su yi ta kiransa ango suna tambayar ko an kawo ci gaba. Shi ya sa ba su gyara ba. Ya ce ya yi faɗa da su, amma bai san sunan abin da zai ce a gyara ba, kuma ya ji nauyin yi mini magana. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Washegari ya tafi Kano. Ya tsaya a kan Ilu har ya ƙara layin, ya kashe ya kunna, suka buɗe makonnin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar. Takardun da suka buga ya karɓe ya ƙona.

Da ya dawo ya ce in kwantar da hankalina, ni ƙanwarsa ce, ba wanda zai ji daga bakinsa. Sannan a hankali ya ce an sa ranarsa da wata Kande a Gagarawa, bayan ƙaramar salla. Na ce Allah ya sanya alheri. Ban san ta inda muryar ta fito ba.

An yi taro ranar Asabar. An gyara wayar ofis, layi ya shiga, shafi ya buɗe, farashi a jere fes, ba ko harafi nawa. Baba ya yi musun kuɗin bijimi, ya ce an rage, aka yi dariya. Daga nan ya dafa na kusa da shi, ya nuna ni ya ce 'yarsa ce take bugawa. Sai kuka ya ƙwace mini a gaban mutane. Madam ta rungume ni tana cewa yarinyar nan murna ta yi mata yawa, ni kuwa na bar ta a haka.

Ki rubuto mini da wuri, don Allah. Ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ƙawarki mai kewarki,
Kyauta