Mesa Ba Ta Saki

Babura, Lahadi

Haladu, na kayar da dodo!

Af, assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki?

'Yarka Rahamatu ta zo hutu da wani wasa na takarda da ɗan lido mai fuska ashirin. Ita ke ba da labari, kowa ya ɗauki mutum guda a ciki. Maƙwabcina Dunoma maharbi ne, ni kuwa mutumin daji mai rikiɗa ya koma dabba. Da dodo ya tare mu, sai na koma gwaggon biri, na cafke shi, na jefa ɗan lido. Sha tara! Sai ga dodon a ƙasa. Shekara talatin rabona da filin kokawa. Takardar mutumina ma da kaina nake karantawa, makarantar yamma ba ta tafi a banza ba.

Batun in bar gidana in dawo wurinka saboda kaɗaici, a ajiye shi.

Mahaifinka, Daudu.

Kazaure, Talata

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Rahamatu ta ba ni ragowar labarin a waya. Da dodon ya faɗi kun sake shi, kun miƙe kuna ɗaga hannu, don a kokawa wanda ya taɓa ƙasa tasa ta ƙare. A wasan ba haka ba ne. Dodon ya tashi ya cinye maharbin Malam Dunoma, shi kuma ya yi fushi, ya ce ba zai sake zuwa ba.

Ƙarshen wata Rahamatu za ta koma makaranta, zauren ya koma shiru. Zan zo da mota ran Asabar. A haɗa kaya.

Allah ya ƙara girma. Ɗanku, Haladu.

Babura, Alhamis

Haladu, ka gai da gida.

Na je na ba Dunoma haƙuri. Ya ce, "Tsohon banza, ka kayar don mata su yi guɗa, ni an cinye ni!" Amma ya dawo da sabon maharbi. Jiya mesa na koma. Na nannaɗe dodon, zagayen wasa huɗu ban sake shi ba, ko motsi ya kasa, Dunoma na ta zuba masa kibiya har ya mutu.

Yanzu mu shida ne a zaure. Rahamatu za ta bar mana ɗan lidon, ni zan riƙa ba da labari.

Ka zo da motar, amma ka ciko ta da iyali. Asabar bayan la'asar za mu shiga kogon uwar dodon. Kowa ya zo ya gani!

Mahaifinka, Daudu.