Makarantar Mabera Ba Ta Cikin Gado

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Sadiyatu 'yar Malam Jelani ta Ƙofar Taramniya, ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙafafuna ne suka kumbura, ba kaina ba, don haka kada wani ya ce ciwo ne ke magana. 'Ya'yana Gazali, Bara'atu da Nabila, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. Gidan nan da gonar da mahaifinku ya bar mini a raba su yadda Allah Ya tsara. Keken ɗinkina a ba maƙwabciyata Delu, wadda ke jinyata. Ba na bin kowa bashi, ba kuma wanda ke bi na.

Na biyu. Makarantar da na kafa a Mabera ba ta cikin gado. Na mai da ita waƙafi a gaban shaidu, ba a sayar da ita, ba a gadonta. Shugabancinta kuma na karɓe daga hannun Gazali na ba Bara'atu. Gazali, na san ranka zai ɓaci. Nawa ya riga naka ɓaci.

Tun makarantar tana da aji ɗaya tak a ƙarƙashin rumfar kwano, in aka yi rasuwa a gidan ɗalibi, malamin aji zai ɗauki 'yan ajin su tafi ta'aziyya, ni ina gaba. Ban taɓa rubuta wannan cikin dokokin makaranta ba, don ban zaci ɗan da na haifa zai buƙaci a rubuta masa ba. Da ka hau kujera ka yi fenti, ka sa ƙofar ƙarfe, ka kawo kwamfuta. Madalla. Sai ka ce zuwa ta'aziyya ɓata lokacin darasi ne, ka hana.

To ga abin da ka girba. Atika 'yar aji biyar, mahaifinta Maigandi manomin shinkafa a Wamakko ya rasu, ta tafi zaman makoki. Ranar da ta dawo, malaminta bai tambaye ta ina ta shiga ba. Ya durƙusar da ita a rana tare da masu fashin makaranta, kai kuma ka fito ka zane su a gaban makaranta duka. Yarinya ba ta buɗe baki ba. Wa za ta gaya wa? Babu malamin da ya san sunan ubanta, balle mutuwarsa. Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Gwaggonta ce ta zo har bakin gadona ta faɗa mini, ko murya ba ta ɗaga ba, ni kuwa na ji kamar in nutse don kunya. Da na kira ka, sai ka ce ai ba a sanar da ofis ba. Ofis! Marainiya tana cikin hawaye, ita ce za ta zo ta sanar da ku? Wallahi da ina iya miƙewa, da ka ga abin da ba ka gani ba tun kana yaro.

Na uku. Bara'atu, kada ki yi murna, kaya na ɗora miki. Kada ki kori malamin nan, abin da ya gani a sama ya kwaikwaya. Amma daga yau duk malamin aji sai ya san unguwar kowane yaro da wanda ke riƙonsa. Yaro ya yi fashi, a tambaye shi tukuna. A dawo da zuwa ta'aziyya da dubiya. Wanda ya ga wannan ya fi ƙarfinsa, ya nemi wani aikin.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku ta isa haka. Bara'atu, gaskiya kika faɗa wa yayanki, amma a gaban malamai kika faɗa, ki ba shi haƙuri. Gazali, ka daina aiken Nabila da saƙo kamar ba ka san gidan ƙanwarka ba. Ka koma aji, ka iya koyar da lissafi, wannan ban taɓa musu ba.

Na biyar. Gazali, ka tafi Wamakko da ƙafarka. Ban ce ka buga waya ba, ban ce ka aika ba. Ka yi wa uwar Atika ta'aziyya, ka roƙi yarinyar gafara a gabanta, ka dawo da ita makaranta. In ta ƙi, ka sake komawa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku masu jin ƙanku. Ku riƙe zumunci, kada in kwanta ku watse. Duk abin da kuka yi mini na yafe, duniya da lahira. Amma haƙƙin Atika ba nawa ba ne, Gazali, ba ni da ikon yafe maka shi.