Kwamfutarki Ta Ƙi Tashi, Yaya Hinde

Zuwa ga yayata Hinde,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, mai ɗauke da girmamawa da kewa, ina fatan kina cikin ni'imar da muke roƙa miki bayan kowace salla. Na san ba a aika wa mutanen kabari wasiƙa. Na kuma san waɗanda za su karanta wannan a shafina yawancinsu mutanen da kika buga wa takardu ne a shagonki na Kankia. Su karanta, ba komai, amma da ke nake magana.

Dalilin rubutun shi ne kwamfutarki, baƙar laftof ɗin nan da harafin A ya goge a jikinta saboda yawan aiki. Mun ciro ta daga akwatin Inna, kuma ta ba mu wahalar da ban taɓa zato ba. Bari in fara daga farko, don kin tsani a ba ki labari daga tsakiya.

Kin tuna shekarar da kika sa Baba da ƙaninsa Baffa suka zagaya iyakar gonar Kaikai kina bin su da waya? Ana cikin sharar gona ne. Kika ce gonar kakanmu ce aka raba musu da baki, kuma baki ba ya zama a ƙasa, don haka su taka iyakar ki ɗauka. Baba ya yi dariya ya ce 'yar boko ta zo da sabon salo. Ba ki yi musu da kowa ba. Kika dama musu fura, kika jira suka sha, sannan kika tsaya a bakin zaure da wayarki har suka gaji da ganinki suka tashi. Da kika dawo kika zuba bidiyon a kwamfuta, wayar kuma daga baya ta faɗa rijiya wajen ɗiban ruwa.

A lokacin kowa ganin ɓata lokaci yake yi miki, har da ni. Ga gamba nan a tsaye tana raba gonakin, ga gawo a kusurwa, ga tsofaffin da ransu. Ke kaɗai kika hango ranar da duk ukun ba za su kasance ba. Wannan hangen naki har yau yana ba ni mamaki, Yaya, don shekarunki ba su kai na masu irin wannan tunani ba.

To, ranar ta zo. Baffa ya riga Baba tafiya, ke kuma kika bi su da ciwon da muka ɗauka zazzaɓi ne kawai. Gawon an sare shi. Daminar bara ruwa ya yi ɓarna a gefen gabas, ya tafi da gambar har saiwarta, ya bar wajen fili fetal. Bana da aka fara kai taki, na je na tarar Lawal ɗan Baffa ya zuba nasa a inda ni na san namu ne. Shi kuma ya rantse nasu ne tun yana yaro. Filin bai fi 'yan kunyoyi ba, ko dami biyar na gero ba lallai ya bayar ba, amma kin san mu da zuciya. Maganganu suka fita waɗanda ba zan maimaita miki ba. Kwanon tuwon da yake ƙetare katanga tsakanin gidajen biyu tun kafin a haife mu ya daina ƙetarewa, matanmu suka koma gaisawa sama-sama a gidan suna. Lawal ya fara zancen kotu.

Inna ce ta tuna da aikinki. Tun rasuwarki ta naɗe kwamfutar a cikin zanenki na atamfa, ta sa a ƙasan akwati, ba ta bari kowa ya taɓa. Ta kira mu mu biyu, ta zaunar da mu a tabarma ɗaya, ta ce abin da tsofaffin suka taka da ƙafarsu shi za a bi. Sannan ta yi wani hukunci da na san da kina nan sai kin yi dariya har da hawaye. Ta miƙa mini kwamfutar, ta miƙa wa Lawal cajar, ta ce kada wanda ya kunna ta sai ɗan'uwansa na wurin. Inna ba ta san ana sayar da caja a kasuwa ba. Ni na sani, Lawal ma ya sani, amma babu wanda ya yi gigin sayowa.

Muka tafi Kusada wurin mai cajin waya, a kan babur ɗin Lawal, ni a baya rungume da kwamfuta, shi da caja a aljihun riga. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai da aka jona ta da wuta ta nuna alamar rai. Tambarin ya fito, 'yan ɗige-ɗigen nan suka fara zagayawa, har na fara hamdala. Sai allon ya koma shuɗi da farin rubutu, ta kashe kanta, ta sake tashi. Ta rubuta cewa tana shirin gyara kanta. Muka jira. Ta yi baƙi, ta sake tashi, ta sake komawa shuɗi. Lawal ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda aka ba ajiyar nama aka tarar ya ragu.

A nan ne na fara jin muryarki. Lokacin da nake zuwa shagonki ina hutu daga makaranta, kina gyara ina cin gyaɗarki, ban san ina koyon komai ba. Ashe ya zauna. Kullum kina cewa, "Abu ɗaya ake taɓawa, a kunna a gani. In ka taɓa uku ta tashi, ba ka san wanda ya gyara ta ba." Na cire batirin gaba ɗaya, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci yadda kike yi, na mayar da wuta. Shuɗi. Na bi ta hanyar nan ta baya da kike bi, wadda kwamfuta take tashi da kayan aiki kaɗan. Ta kai bakin ƙofa ta dawo. Na gwada mayar da ita yadda take a kwanakin baya, ta ce ba za ta iya ba. Kowane mataki sai na gaya wa Lawal abin da zan yi kafin in yi, kamar yadda kike yi wa masu kawo miki gyara, don kada wani ya ce an cuce shi a ɓoye.

Wani mai wayo da ke zaune a wurin ya ce abu mai sauƙi ne, a yi mata fomatin kawai, a wanke ta tas a zuba sabuwar manhaja, kafin la'asar ta dawo garau. Lawal har ya fara gyaɗa kai. Na rufe ta da sauri na rungume. Kin sha faɗa cewa wanke kwamfuta kafin a kwashe abin da ke cikinta daidai yake da ƙona rumbu don a kashe ɓera. Na yi wa Lawal bayani cewa in aka wanke, bidiyon ya tafi ke nan. Sai ya tashi ya tsaya tsakanin mutumin da kwamfutar. Wannan ne karo na farko a bana da muka tsaya a gefe ɗaya.

Mun koma sau da dama. Ranar da na buɗe bayanta don in ciro ɗan allon ƙwaƙwalwarta da ake kira ram in goge bakinsa da robar goge fensir, Lawal ne ya riƙe mini ƙananan kusoshin a murfin kwalba, yana jera su yadda na ciro su. Na ce masa haka kike yi. Ya ce ya sani, ai ke kika buga masa takardar neman aikinsa ta farko, kika gyara masa Turancin ba tare da kin gaya wa kowa ba. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Muka mayar, muka kunna, shuɗin nan dai ya sake gaishe mu. Yunwa ta kama mu, muka sayi ƙosai a takarda ɗaya.

Da dabarata ta ƙare muka wuce Kankia wurin Murtala, wanda ya koyi aiki a hannunki kuma yanzu yake da nasa shagon. Yana ganin zanen da aka naɗe ta ya gane ta, ya yi miki addu'a kafin ya taɓa komai. Yaya, da kin ga hannunsa da kin yi alfahari. Bai yi gaggawa ba, bai cika baki ba. Ya sa filash ɗinsa mai manhaja a ciki ya tashe ta daga can, sai ga ta ta buɗe lafiya lau. Ya ce to, jikinta ƙalau yake, matsalar tana faifan ajiya, wanda suke kira had-dis, inda duk abin da kika zuba yake kwance. Ya ciro shi, ɗan abu kamar sabulun wanka, ya sa a wani ƙaramin gida ya jona da tasa kwamfutar. Bai duba allo ba tukuna, kunnensa ya kai. Ke ma haka kike yi, kina cewa a saurara kafin a duba.

Ya miƙo mini na sa a kunne. Ƙas, ƙas, ƙas, sai shiru, sai ya sake. Ya miƙa wa Lawal shi ma ya ji. Sannan ya gaya mana gaskiya ba kwana-kwana: allurar da ke karanta faifan ta lalace, kuma da alama ta karce shi. Zafin ɗaki da daɗewa a ajiye sun taimaka. Akwai masu manyan na'urori a Kano da suke gwadawa, amma da irin wannan ƙarar shi ba zai sa mana rai ba. Ya ƙi karɓar komai.

Ni abin da ya fara zuwa raina shi ne kotu, da yadda zan kalli Inna. Sau ɗaya na taɓa kallon bidiyon, tun kina raye, kuma hankalina yana kan barkwancin tsofaffin, ban riƙe inda suka taka ba. Na juya in ce wa Lawal sai mu san abin yi. Na tarar har yanzu faifan yana manne da kunnensa, an ma cire shi daga wuta, hawaye na bin gemunsa. Mutumin da ko a jana'izar mahaifinsa ban ga ya yi kuka ba.

Ya ce, "Sada, ni fa ba iyaka nike son gani ba. Tahiyar babana nike so in ƙara gani."

Sai a lokacin na tuna Baffa bai yarda da hoto ba. In aka ɗaga waya a wurin biki, juya baya yake yi. In ban da ɗan hoton katin shaida, babu komai nasa a gidansu. Duk duniya ke kaɗai kika taɓa shawo kansa ya yi tafiya a gaban kyamara, kuma Lawal yana ci-rani a kudu lokacin, bai taɓa gani ba. Duk zaryar nan da muka yi, ni gona nake bi, shi kuwa mahaifinsa.

A hanyar komawa hadari ya haɗu ta gabas. Maimakon ya shiga gari, Lawal ya karkata babur zuwa gona, ya kashe, ya sauka. Ya tsinci wani karan dawa ya gicciya a bayansa, ya riƙe da hannu biyu, ya fara takawa a hankali yana ɗan rangaji. Ya tambaye ni ko haka ne. Na ce a'a, Baffa ƙafar hagu yake ɗan ja, kuma ba ya wuce taku goma bai tsaya ya waiwayo ya ce Baba ya cika nawa ba. Ya gyara. Wallahi Yaya, sai ga Baffa. Ban san lokacin da na bi bayansa ba, ina kaɗa hannu ɗaya ina gyaran murya irin na Baba, muna dariya muna share ido, har muka fita ɗaya ƙarshen.

Da muka waiwaya, sawunmu ya ratsa ta tsakiyar filin da muke faɗa a kai. Ban san ko nan ne tsofaffin suka taka ba, shi ma bai sani ba. Yayyafi ya fara sauka a kan sawun. Lawal ya ja layi da karan don kada ya ɓace, ni kuma na bi ina ɗora duwatsu. Washegari muka kira masu gonakin maƙwabta suka shaida, muka dasa gamba a kai. An yi shuka, gero har ya fara rufe ƙasa a ɓangarorin biyu.

Kwamfutarki ba ta tashi ba, Yaya, kuma Murtala ya ce ko an sa mata sabon faifai za ta tashi ne ba ta san mu ba. Mun bar ta haka. Ina kewarki ƙwarai, fiye da yadda nake nunawa a gida, kuma ina alfahari da cewa ni ƙaninki ne.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa haƙurin da kika yi da mutane ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya gafarta wa Baba da Baffa, Ya haɗa ku a Aljanna Firdausi. Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Ya kuma nuna wa Lawal mahaifinsa yana tahowa da ƙafarsa a ranar da babu sauran rabuwa. Amin.

Ƙaninki mai yi miki addu'a,
Sada
Kaikai, Kusada